Akwatin da Aka Ba Mu a Agadas

Ina koyarwa a wata ƴar lakwal ta ƴaƴan makiyaya kusa da Gugaram lokacin da takardar ta iso. Nasara ne ke mulki, ko da yake an fara raɗe-raɗin tafiyarsu. Wani garda, ɗan sandan Nasara, ya kawo ta a kan raƙumi. Wai kumandan na Agadas ya kira taron masu rubutu na ƙasar Abzin, kuma ina cikin waɗanda ake nema, don an ji ina rubuta tatsuniyoyi da waƙoƙin mutanenmu cikin kaye, wato littafin rubutu, da Hausa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Harshen Tamajak na sha a nono, Hausa a kasuwa da lakwal na koye ta, kuma shekara da shekaru ina gyaran kayen nan ba wanda ya taɓa cewa in karanta masa.

Ba mu fi mu goma ba a taron. Akwai akawuna, akwai malaman lakwal irina, sai wani dattijon malami na cikin garin Agadas mai rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Kusa da ni aka zaunar da shi. Ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya, ni nake raɗa masa abin da ake faɗi. Kwana uku muka yi kan benci, ba wanda aka ce ya buɗe takardunsa. Wani Nasara mai binciken duwatsu ne ya yi ta zuba a kan arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarmu can arewa, wai mu lallashi makiyaya su daina tsoron motocinsu da injinan haƙa. Sau biyu dattijon ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, yaushe za a zo kan waƙa?" Sai in ce masa gobe.

Ranar ƙarshe mataimakin kumandan ya sa aka jera akwatunan katako, kowane ɗaure da jan ƙyalle. Ya ce abincin manya ne, daga Faransa aka kawo shi. Ya ce kowa ya je ya ɗanɗana, ya rubuta shafi ɗaya a kan daɗin da ya ji, za a buga a ƴar jaridarsu. Rubutun da aka nema gare mu ke nan, duk tsawon kwana ukun. Muka yi tafi. Ni ma na yi, abin da ke ba ni haushi har gobe.

Ban buɗe nawa a Agadas ba. Yayana direba ne, yana tuƙa kamyo yana kai wa masu binciken duwatsu kaya, shi ya ɗauke ni zuwa Cirozerin inda mahaifiyarmu ke da garka. Da hantsi muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dabino, ga takarkari yana jan guga a rijiya, na kwance jan ƙyallen.

Shokola muka fara tararwa, wata baƙar alewa, ta narke a hanya ta manne da takardarta. Yaya ya lasa ya ce sukari ne da aka ɓata wa rai. Sai wani ɗan akwati zagayayye, da na ɗaga murfinsa duk muka ja da baya. Inna, wadda tun tana yarinya take yin cuku da hannunta, ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Wannan ya mutu tun a hanya."

Na karanta rubutun na ce, "Inna, cukunsu ne. Haka suke son sa."

"To ka mayar musu. Kuma ka matsar da shi daga bakin rijiyata."

Na daure na ɗan gutsura, tun da aikin da aka ba ni ke nan. Laushi kamar man shanu, gishiri a gaba, a baya kuma wari irin na salkar da aka manta da nono a ciki. Kwana biyu ina jin sa a maƙogwaro. Akwai wata ƴar kwalba mai rawayan abu, Yaya ya ɗauka zuma ce ya cika cokali ya kai baki kafin in gama karantawa. Ya tashi yana hawaye yana zagin uwar wanda ya haɗa ta. Wani yaji ne da ke hawa hanci maimakon harshe.

Abu ɗaya ne ya yi daɗi, kuma ba zan yi ƙarya ba don ina fushi. Wasu ƴaƴan itace ne da aka dafa da sukari har suka yi kauri, launinsu kamar rana ta kusa faɗuwa. Inna ta shafa a gurasar alkamar garkarta ta ci, ta sake shafawa, ta ce wannan kam mace mai hankali ce ta dafa shi.

Muna cikin dariya Yaya ya zaro kwalabe biyu daga cikin ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasan akwatin. Dariyarsa ta tsaya. Ya san su, yana ɗauko irinsu kullum. Giya ce. Ya ajiye su nesa da tabarma ya goge hannu da yashi. Mutanen nan sun shekara nawa a ƙasarmu? Kullum ladan yana tashe su da asuba. A taron ma sai da muka roƙa aka dakata mana muka yi azahar.

Saura gwangwani ɗaya, mai hoton gidan gona da itace. A gaba an rubuta suna mai daɗi da manyan baƙaƙe. Na juya bayansa, can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, na ga abin da aka niƙa a ciki. Hanta da kitsen alade. Ba hoton alade ko ɗaya a jikinsa. Nan take dattijon ya faɗo mini a rai, don da muke rabuwa ya ce mini zai kai wa iyalinsa su ma su ɗanɗani abin Nasara.

Washegari Yaya zai koma Agadas, na bi shi. Na tarar da malam a zaurensa yana fiƙe alƙalami. Kafin mu gama gaisawa idona ya kai kan gwangwanin. An wanke shi tas, ya zuba alƙalumansa a ciki.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, an buɗe akwatin?"

Ya ce, "An buɗe, ɗana. Kwalaben da na shinshina na gane, na zubar bayan gida. Naman gwangwanin ne mai kyau. Uwar gidan nan ba ta da lafiya, ba ta iya tauna, ita na ba mafi yawa."

Na so in yi shiru in tashi. Na kasa. Na faɗa masa. Ya dakata da fiƙar. Sannan ya zare alƙaluman ɗaya bayan ɗaya ya jera kan buzu, ya tura mini gwangwanin da bakin wuƙa.

Ya ce, "Allah ya san ban sani ba. Su fa, sun sani?"

Na ce sun iya karatu.

Ya ce, "Kai ma ka iya. Kwana uku kana zaune kusa da ni. Me ya hana ka duba mini?"

Ya roƙe ni kada maganar ta kai kunnen matarsa, ya koma kan fiƙarsa. Bai raka ni ƙofa ba.

A tashar mota na zauna na rubuta shafin da aka nema. Na bi kayan ɗaya ɗaya, na faɗi yadda kowane yake a baki. Na yabi ƴaƴan itacen. Na rubuta cewa wanda ya ba Musulmi giya da alade a rufe, ya kuma ce ya rubuto godiya, ko dai bai taɓa kallon mutumin da yake mulka ba, ko kuwa ya kalle shi ya raina. Na sa gwangwanin a aljihu na nufi bariki.

Mataimakin kumandan ya karanta a tsaye. Da ya kai ƙarshe sai ya yi dariya, dariyar gaske, har yana dafa tebur. Ya ce ba wanda ya yi da gangan. Akwatunan na bikin hafsoshinsu ne suka yi saura, aka ga kada su lalace a sito. Ya ɗauka wannan zai sanyaya mini rai. Ashe ma ba domin mu aka haɗa su ba, ragowa ce aka ɗaura wa jan ƙyalle. Ya ce in bar maganar ƴaƴan itacen, in goge sauran. Na ce ba zan goge ko harafi ba. Na ajiye masa gwangwanin kan takardunsa na fita ba sallama.

Ba a buga nawa ba. An buga na sauran. Wani akawu ya rubuta cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin abu mai ƙamshin cukun nan ba. Na san shi, na kuma san inda ya jefa nasa. Malam bai rubuta komai ba, ba wanda ya tambaye shi.

Bayan ƴan makonni aka aiko mini da takardar canjin wuri. Aka tura ni can arewa, wajen da garin Arlit yake a yau. Lokacin ba gari, ba gini, sai fili da baƙaƙen duwatsu da tantunan masu bincike daga nesa. Lakwal ɗin tanti ce ita ma. Yaya ne ya kai ni a kamyonsa, yana fushi da ni don an kira shi an ja masa kunne, an ce in ƙanensa bai iya bakinsa ba akwai direbobi da yawa a Agadas. Yini guda muka yi a hanya. Da muka isa ya sauke mini tabarma da buta da jakar littattafai, ya hau ya tada mota. Ya yi gaba kaɗan ya tsaya, ya leƙo ta taga.

Ya ce, "Da gaske ka ajiye masa gwangwanin kan tebur?"

Na ce da gaske.

Ya girgiza kai ya ce, "Da ka haɗa masa da yajin nan." Ya ja motarsa. A tantin nan na zauna har Nasara suka sauke tutarsu.