Baba Ayuba da Maganar "Da Sauƙi"

Ina shanya citta a tsakar gida sai matar fasto ta shigo ba ko sallama, ta ce Baba Ayuba ya tafi gida. Na nemi wuri na zauna. Ban yi kururuwa ba. Dattijon da ya gama aikinsa ba a raka shi da ihu, matan zumunta ku riƙe wannan ranar jana'iza.

Dattijon ikkilisiyarmu ne a nan Kafanchan, tsohon ma'aikacin reluwe. Ya ƙi jinin ƙarya, amma ya fi kowa son raha. Yakan ce, "Gaskiya ba ta hana haƙori shan iska."

Ɗana Bulus makaniki ne a reluwe. Bayan yaƙin basasa farfaɗiya ta kama shi, har ta kayar da shi kusa da inji. Wasu da muke sujada tare suka daina ba shi hannu, sun san kansu. Baba Ayuba kuwa kwano ɗaya yake cin tuwo da shi.

Aiki ya gagara. In likitocin hukuma ba su tabbatar ciwo ne ya hana shi ba, zai tashi ba fansho, ga mata ga 'ya'ya. Ya je gabansu. Likita ya ce, "Yaya jiki?" Bulus ya russuna ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Duk abin da aka tambaye shi, da sauƙi. Likita ya yarda da shi, ya rubuta yana warkewa.

Baba Ayuba ya yi dariya har da hawaye. "Maman Bulus, kin dafa yaron nan da ladabi har ya ƙone!" Na ce ban haifi marar kunya ba. Ya ce, "Gaisuwa ta ƙofar gida ce. Likita cikin ɗaki yake."

Ya yi ta zirga-zirga har aka ba Bulus wani zama. Kullum da yamma sai ya ɗora tabarau a gindin mangwaro, ya zama likita.

"Malam Bulus, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"An kore ka! Fita ka sake shigowa."

Unguwa ta riƙa taruwa kallo. Ni kaina, da ba a san ni da dariya a waje ba, na yi.

Ranar zama ya raka shi. Likita ya tambaya, bakin Bulus ya suɓuce: "Da sauƙi." Baba Ayuba ya yi gyaran murya. Bulus ya ce, "Wannan gaisuwa ce, ranka ya daɗe. Yanzu ga ciwon." Ya zayyana komai, faɗuwa, cizon harshe, mantuwa. Aka sallame shi da fanshonsa. Jikokina suna makaranta yau.

Ku matasa, ku koya. Marar lafiya ba a bar shi da "sannu" kawai, raka shi ake yi.

Ubangiji ya yi wa bawansa jinƙai, ya karɓe shi cikin hutunsa. Ya ta'azantar da matarsa Mama Rifkatu da 'ya'yansu. Kamar yadda mijinta ya tsaya wa ɗana, Ubangiji ya tsaya mata, kada ta rasa mai raka ta. Amin.