Hular da Ta Rufe Idon Lesieli

Kelepi Havili ya tsufa a harkar fim, amma ko babban yatsan ƙafarsa bai taɓa fitowa a allo ba. Aikin nasa ke nan. Yakan zauna can ƙasan tankin ruwa na wani kamfanin shirya fina-finai a garin Gold Coast na jihar Queensland, bayan kyamara, da tukunyar iska goye a bayansa da wata a hannu, ya zuba wa ɗan wasa ido. In ɗan wasa ya shiga uku a cikin ruwa, Kelepi ne zai kai masa numfashi.

A wani ɗan tsibiri na Ha'apai aka haife shi, inda yaro ke iya nutso kafin ya iya gaisuwa. Tsinkar lemo ta kawo shi Queensland, daga baya aka gane ruwa ne gidansa. Ƙaton mutum ne mai sanyin murya, yana waƙa a coci ranar Lahadi, kuma matsoraci ne na gaske. Bai taɓa ɓoyewa ba. Duk safiyar aiki ko shayi ba ya iya sha sai an fito da kowa lafiya.

Yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Kafin ya shiga tanki sai ya nemi a ba shi labarin. Me ya kai matar nan cikin ruwa? Wa take nema? Ba gulma ba ce. In ya san ɗanta take bi, ya san idonta gaba zai kalla, komai firgicin da za ta nuna. Ranar da idon ya bar labari ya shiga nemansa, to wasa ya ƙare, sai ya taso. Da ido da labari ya yi ta fito da mutane shekara da shekaru.

Sai aka kawo wani fim na 'yan sama jannati, irin wanda ake zuba wa dukiya kamar ba a san zafinta ba. Kumbo ne ya faɗa tekun wata duniya. An gina cikin kumbon a tanki, dogon lungu mai girman coci, yana karkata, yana aman wuta, ruwa na ɓarkowa ta kowace kafa. Kyau kam ba a magana. Kelepi ya tare Bronwyn, mataimakiyar darakta, ya nemi labari.

"Labari? Kel, ka tausaya min," in ji ta. "Shekaranjiya an ce jarumar ƙanwarta take nema, jiya aka ce wani dutse ne mai haske, yau kuma an ce a bari sai an gani a kwamfuta. Shi kansa darakta bai sani ba. Ruwa dai ya yi kyau, shi ke nan."

Abin bai yi masa daɗi ba, don wadda za ta shiga lungun a madadin jarumar fim ɗin 'yarsa ce, Lesieli. Shi ya koya mata nutso, ita kuma ta mai da shi sana'a, tana faɗuwa da ƙonewa da nutsewa a madadin waɗanda fuskarsu ke da tsada.

Da aka kawo kayan da za ta sa, ya ɗauki hular kwanon ya duba. An shafe gilashin da ruwan zinariya ya zama madubi, wai don wutar fashewa ta riƙa haskawa a kai.

"Ba na ganin idonta," ya ce.

"Akwai iska a cikin rigar," in ji Bronwyn. "In da matsala za ta sa hannu a wuya. Kowa ya san alamar."

Ɗaukar farko, ruwa na bugun Lesieli da bango, tsoro ya ci ƙarfinsa. Ya kutsa gaban kyamara ya sunkuto ta. Ashe lafiyarta ƙalau. Yini guda aka ɓata ana zuƙe ruwa ana gyaran fitilu, mutum ɗari na harararsa. A mota ta juye masa kwandon faɗa, tana kiran sunansa kamar yadda 'ya'yan gidansu ke kiran iyayensu.

"Haba Kelepi! Ka mai da ni jaririya a gaban mutane. Yanzu cewa suke ga 'yar lelen mai nutso. In ban sa hannu a wuya ba, kada ka motsa. Ka yi min alkawari, tsoho."

Ya yi mata. Daga baya ta sayo masa soyayyen kifi don su shirya, ya kasa ci.

Aka sake ɗauka. Kelepi na durƙushe a ƙasan tanki. Ƙofar lungu ta fashe, ruwa ya yi awon gaba da Lesieli, ya maka ta da silin. Ta shiga fafutuka. Hannunta na dama na manne da ƙirji, na hagu riƙe da wani ƙarfe, ƙafafu na shure-shure. Wasa ne? Da ya san abin da matar fim ɗin ke nema, da ya san ko haka ya kamata ta yi. Bai sani ba, ba wanda ya sani. Ya dubi fuskarta, bai ga komai ba sai wuta tana rawa a kan zinariya.

Ya jira hannu ya kai wuya. Hannu bai kai ba. Jikinsa duka na cewa tashi, alkawari na cewa zauna, ya zauna. Tsoron da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba, har haƙoransa suka huda robar shaƙar iska da ke bakinsa.

Sai ƙafafun suka daina shuri.

Bai san yadda ya isa ba. Ya fizge hular, ya tarar cike take da ruwa. Bugun da ta sha a silin ya cire tiyon iska, waya kuma ta naɗe hannunta na dama, na hagun kuwa in ta saki ƙarfen, ruwa zai tura ta cikin injin da ke juya lungun. A bakin tanki ya yi ta danna ƙirjinta yana kiran Allah da harshen garinsu, har ta amayo ruwa ta yi tari. Ta rayu. Kamfani ya ba da haƙuri, aka kawo furanni asibiti.

Da fim ya fito, Lesieli ta nace sai sun je. Ranar Asabar da rana ne, sinima cike da yara da ƙamshin gugguru. Duniyoyi suka yi ta fashewa, kumbo na bin kumbo, ba wanda ya san wa ke neman wa. Na gabansu har ya koma latsa waya. Sai ga lungun. Ashe waccan ɗaukar suka sa.

Ɗakin ya yi tsit. Mai waya ya ɗago kai. Wata mata a bayansu ta ce a hankali, "Kai, sai yanzu na ji wani abu. Yarinyar nan ta iya wasa."

A allo ruwa ya maka Lesieli da silin. Ta gefensa, Lesieli ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ba fushi a muryarta.

"Daga nan na fara kiran sunanka," ta ce.

Kelepi ya riƙe hannun kujera, ya jira a yanke wurin. Ba a yanke ba. Kiɗa ya yi sama, wuta na haskawa a kan hular, ƙafafun 'yarsa na ta shuri, suna ta shuri, shi kuma yana zaune.