Jajayen da ke Bayan Darɓa

Da na tashi ɗana Bobbo daga barci na gaya masa inda za ni, da ya jira ni? Har yau ban sani ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni ban yi boko ba.

Mbamoi, Yola

Na fita bayan sallar asuba, mako guda da gama takaba. Na biya gonar wakenmu, na tsinko ganyen da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ta lulluɓe, na sa a kwalba. A bayan wasu darɓar akwai jajayen ɗigo, kamar kaska a jikin saniya. Maigidana, marigayi Malam, ne ya fara ganinsu bara. Ya ce inda suke, darɓa ba ta yin ƙarfi, ya hana feshi. Ɗanmu Bobbo bai taɓa yarda ba.

Yola zuwa Jimeta

Na hau keke a bakin kasuwa. Direban ya leƙa kwalbar ya ce, "Dada, miya za ki kai Jimeta?" Na ce baƙi ne, suna nake nema musu. A unguwar Dubeli na sauka wurin ƙanwata, ta ba ni kunun gyaɗa, ta raka ni ofishin malaman gona.

Ofis

Mun zauna har azahar. Wata Madam Rifkatu, 'yar Numan, ta ɗora darɓa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce in sa ido. Na ga jan abu mai ƙafa shida ya kafa baki yana tsotsa. Ta ce jarirai ne, dangin jan ƙwaron nan mai laushi da ke fitowa bayan ruwan farko. In sun ƙoshi sai su faɗa ƙasa su girma. Ainihin sunansu kuwa sai an aika da su nesa, ta ce in kawo wasu da yawa.

"Maigidanki ya gani daidai, Mama. Kada ku yi feshi tukuna."

Na yi kuka a gabanta.

Gida

Na iso da la'asar. Tun daga hanya na ji warin magani. Bobbo yana wanke tankin feshi, ya ce ya ga darɓa ta yi yawa ne. Washegari na duba ganye ɗaya-ɗaya, ban sami ja ko guda ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Madam Rifkatu. Amma ranar da za a kai Malam asibiti, a bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Dudu, jajayen nan 'yan aikinmu ne. Kada a kore su ba mu san sunansu ba."