Ranar da na ga ƙirjin Mushe

Na manta abubuwa da yawa, har shekarar da aka haife ni. Amma ranar da ordinatar, wato kwamfutar mangaza, ta buɗe mini wasiƙun darakta, wannan kam da ita za a rufe ni.

Lokacin ina tsaron mangazar wani kamfanin dakon kaya a Konni. Lakwal ɗina, wato karatun boko, aji huɗu ne a Tajaye, daga nan sai gona. Imel ɗina shi ne mafi ƙanƙanta a buro: in ga kamiyo, manyan motoci, nawa za su taso daga Malbaza da siminti, shi ke nan. Akwai wata manhajar tsaro mai tare saƙon da ba ta yarda da shi ba, sai ka danna ta sakar maka. Ran nan da hantsi ta riƙe takardar lodi, direbobi na ta yi mini tsiya a bakin ƙofa. Na danna, na ƙara dannawa da haushi. Sai ga akwatunan wasiƙun kowa a buɗe, na darakta a sama, saƙonsa na ƙarshe shimfiɗe gabana.

Hoton ƙirji ne, na asibiti, da farin tabo, da sunansa. Faransanci ya fi ƙarfina, hoto bai fi ba. Irinsa na taɓa riƙe wa mahaifina.

Daraktan nan, da muke ce wa Mushe, ba ya wasa. Ya kori direba don ya leƙa takarda a teburinsa. In na faɗa, aikina ya tafi, ga iyali. In na yi shiru, ƙofar tana nan ga duk mai laluba. Bayan azahar na shiga wurinsa.

"Mushe, makullin akurki kuka ba ni, ga shi ya buɗe gidan duka."

"Mi ka gani?"

"Ƙirjinka."

Ya juya wajen taga, ya ce, "Ko uwar ɗiyana ba ta sani ba."

"To ni ma ban sani ba, Mushe."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau," ya ce, idonsa ya kawo ruwa.

Wata injiniya ta zo daga Yamai ta toshe ɓarakar. Ta ce mini, "Baba, ba laifinka ba ne. Manhajar ce ta naɗa ka darakta ba ta shawarci kowa ba." Na ce ta sauke ni, kujerar ta yi mini zafi.

Daga nan duk ranar asibiti ni ke raka shi, a buro a ce mun tafi Dogarawa duba kaya. Ni ke riƙe ambulan ɗin hotunan. A mota na dinga damunsa har ya gaya wa matarsa. Damina biyu ya ƙara a duniya. Da ni aka yi masa wanka.

Abin da na koya ke nan: in ƙofar wani ta buɗe maka bisa kuskure, je ka gaya wa mai ita, abin da ka gani kuma ka taya shi ɗauka.