Doki Kafin Mahayi

Ottmar Rehwinkel ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da garin Celle, kuma tun bai iya ɗaure takalminsa ba ya iya ɗaura sirdi. Da ya shiga sojan doki, abin da aka fara cusa masa shi ne ƙa'idar barga: doki kafin mahayi. Ba ka ci, ba ka sha, ba ka zauna, sai dokinka ya ci ya sha an goge masa gumi. Sauran hafsoshi a bariki suke barin ƙa'idar. Shi kam har gida ya kai ta.

Ya kai muƙamin kyaftin, ya yi suna a gasar tsallake shinge a kan wata baƙar goɗiya mai suna Amsel. Kofunan azurfa suka cika kabad, matarsa Hedwig ce mai goge su. Da Amsel ta ji rauni a ƙafa soja suka sallame ta, sai ya saye ta ya kawo gida. Tun daga nan, duk hutun da ya zo barga yake fara shiga, Hedwig na tsaye bakin ƙofa, miyar dankali na hucewa a kan tebur. Ba mugun miji ba ne. Mutum ne dai da in an ɗora shi a kan hanya, ko waiwaye ba ya yi.

Ranar da zai tafi yaƙin Rasha ma a barga ya ɓata safiyarsa.

"Ranka ya daɗe Kyaftin, ni ce ta nawa a gidan nan?" in ji Hedwig.

"Haba Hedwig. Ke ai kina da hannun ɗibar abinci, Amsel ba ta da shi."

Gaskiya ya faɗa, amma ba ranar sallama ake faɗin irinta ba.

"To madalla," ta ce. "Ƙanwata na da ɗaki a Bremen. In ka dawo ba ka same ni ba, kada ka yi mamaki."

Bai ba ta haƙuri ba, don lokacin jirgin ƙasa ya yi.

Aka kama shi a yaƙi, ya yi shekaru yana saran itace a sansanin fursunoni, babu labarin gida. Can sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu, can kuma ya gane abin da ya ba shi kunya: da wuya ya tuna Amsel. Maganar Bremen ce ke cinsa. Ya yi alkawari a ransa, in Allah ya mai da shi, ƙofar gida zai fara bugawa.

An sako su bayan yaƙi da shekara huɗu, aka sanar da sunayen masu dawowa. Ya sauka a tasha ya taka zuwa ƙauye yana ɗingishi, ƙashi da fata. Ya wuce barga ko kallo bai yi ba, ya tura ƙofar gida.

Babu kowa. Murhu a mace, babu rigar sanyin Hedwig a jikin ƙusa. Ya kira sunanta, shiru. Ya zauna a kujerar kicin, ya ce a ransa shi ya jawo wa kansa. Da zaman ya ishe shi, ya tashi ya nufi barga, don ba shi da wani wurin zuwa.

Hedwig na zaune a kan damin ciyawa cikin rigar sanyinta, da tukunyar miya a naɗe cikin bargo. Ta rame, ta yi furfura. A bayanta Amsel ce, ta tsufa amma jikinta sumul. Ottmar ya san yunwar da aka yi a ƙasar, kallo ɗaya ya gane bakin wa aka rage aka ciyar da goɗiyar.

"Tun safe nake nan," ta ce. "Ina ka tsaya?"

"Gida na shiga."

"Gida? Kai ɗin? Lallai Rashawa sun taɓa maka kai."

Ya matso zai riƙe hannunta, idanunsa sun ciko. Ta miƙa masa bokitin hatsi.

"Ba ta ci ba tukuna," ta ce. "Yi sauri, miya na hucewa."