Fayafayen Kabo Marasa Suna

Kabo mijin yayata Kabira ne, mai gyaran rediyo a unguwarmu ta Utaibiyya, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Da ƙuruciya ya yi dako a wani ƙaramin kamfanin faifan garmaho a Jidda. Mai kamfanin yana shigo da kiɗan Turawa na farko-farko, wanda ake ce wa rokanrol, mai ihu da jita. Kabo bai san Turanci ko kalma ɗaya ba, amma ya tara fayafayen nan har ɗari uku. Wani lokaci kuma kamfanin kan ɗauki muryar matanmu 'yan Hausa suna waƙar biki. Kabira ta yi sau ɗaya, a ɓoye.

Da aka fara sa wa masu kiɗa ido a unguwa, sai Kabo ya yi dabarar da ya daɗe yana alfahari da ita. Ya jiƙa takardar tsakiyar kowane faifai, ya kankare tambarin kamfani da sunan mawaƙi da wuƙa, don in an tambaya ya ce karatu ne. Na ce masa ya bar wa na Kabira alama. Ya ce ai kunnensa ne alama.

Kabira ta rasu 'yarsu Nuha tana da shekara biyu. Shekara arba'in bai buɗe akwatin fayafayen ba. Bara, bayan kunnen ya mutu gaba ɗaya, ya ce shi faifan matarsa yake so.

Nuha ta yi sati biyu tana sa su ɗaya bayan ɗaya, tana ware ihun Turawa gefe. Aka samu goma sha ɗaya na mata masu Hausa. Ta kira ni bayan la'asar.

"Ya Khala, wallahi ma a'rif sautaha, ban san muryar mahaifiyata ba. Ke kika san muryarta, ki zaɓa masa."

Na zauna na saurara. Allura ta tsufa, ƙara ta fi waƙar yawa, matan duk siririyar murya ɗaya. Ni da muka kwana ɗaki ɗaya da Kabira shekara goma sha shida, na nemi muryarta a kaina na rasa. Haushinsa ya kama ni, na kaina ya fi. Shi kuwa ya kafe ni da ido, yana jiran fuskata ta canza.

Na nuna na bakwai.

"Ita ce, Amatullahi?" ya tambaya da ƙarfi, irin na kurame.

"Ita ce, Yaya."

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko, Nuha kan sa masa shi, ya ɗora tafinsa a kan akwatin garmahon don ya ji motsin, hawaye na bin gemunsa. Ni nakan fita tsakar gida, don har yau ban san matar wa yake yi wa kuka ba.