Cinyar Rago a Firigon Allura

Ku da kuke kukan tsadar rayuwa yau, ku gyara zama ku ji. Na yi aikin allurar dabbobi har na ci ritaya, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ranar da sufeto ya buɗe firigonmu a Dogon Dutsi tana nan daram a kaina.

Shekara ta biyu ce ko ta uku bayan samun 'yancin kai. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a biron kiwo, ofishin kula da dabbobi, ba a ma tabbatar da ni ba tukuna, wato kuskure ɗaya ya isa a ce in kama gabana. Aikina kula da firigo. Firigo ne mai aiki da kananzir, a ciki ake ajiye allurar bushiya, cutar nan da ke share garken shanu. In maganin ya ji zafi ya lalace, makiyayi zai kawo shanunsa a yi musu allurar banza. Saboda haka doka ta ce ba abin da zai shiga ciki sai magani, makulli kuma yana wuyana.

Shekarar nan damina ba ta yi kyau ba. Gero ya tashi, sukari ya tashi, kananzir ya tashi, albashi kuwa yana zaune inda Nasara ya bar shi. Ga baƙi. A lokacin, duk wanda ya samu aikin gwamnati gidansa ya zama masaukin ƙauyensu. Mai shari'a, mai zuwa asibiti, mai sayar da jaki, duk wurinka. A gidana akwai Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata daga Gesheme. Ya zo wata 'yar shari'ar gona, an gama ta tun tuni, shi kuwa ko zancen tafiya ba ya yi. Kun dai san al'adarmu: abin da idon baƙo ya gani, cikinsa yana da rabo a ciki, kuma ba ka isa ka ce masa babu ba.

Shugabanmu, Shef Tankari, shi ya fara. Wata safiya ya kira ni ya rufe ƙofa.

"Gado, ƙasan firigon ga, da akwai wuri?"

Na ce akwai, amma doka fa?

"Doka ta ce kar magani shi ji zahi. Man shanu na ɗumama magani?"

Ya ciro kwalba daga cikin babbar riga. Wai in tana gida, kwana biyu ta ƙare. In tana nan, kullum zai ɗebi cokali ɗaya ya kai wa uwargida. Na karɓa, yaya zan yi? Baba Nomau planto, wato masinjan biro, ya gani, sai ga shi da ƙwaryar nono. Direba ya kawo zabi a fige. Akawu ya kawo gwangwanin madara. Da na ba Dije matata labari, ina dariya, sai ta ajiye muciya.

"Maigida, makulli na wuyanka, kowa na tsimi, kai kana yi musu gadi? Wallahi kai dai sai addu'a."

Ranar kasuwa ta zagayo, wani Bafillace da na yi wa shanunsa allura ya ba ni cinyar rago. Ban kai ta gida ba, ni ma firigo na sa ta. Kowace yamma sai in yanki 'yar tsoka, in naɗe a takarda, in sa aljihu, Dije ta jefa a miya don ƙanshi. Kawu ya kan tsoma loma ya ce, "Ikon Allah, miyar ga tana ƙanshin nama, amma naman ya yi tahiya." In sunkuyar da kai in ce ai kuka ce mai kyau.

Tsimi ya kankama, har mun fara yi wa juna kirarin dabara. Sai wata Talata da hantsi, ba sanarwa ba komai, mota ta tsaya ƙofar biro. Sufeton kiwo ne daga Doso, wanda rahotonsa ke tabbatar da ma'aikaci ko ya kore shi. Dogon mutum ne mai tabarau, ba ya fara'a. Kamar an haɗa baki, a daidai lokacin Kawu Arzika ya iso da sandarsa, wai goronsa ya ƙare.

Sufeto ya gaisa sama-sama ya ce a nuna masa firigo. Na duba Shef, Shef ya duba rufin ɗaki. Na ciro makulli na buɗe. Ƙwaryar Baba Nomau ce ta fara yi masa sannu da zuwa, ta zamo ta zube a kan takalminsa. Ya duƙa ya ga kwalaben allura a jere a sama, tsaf. A ƙasa kuwa kasuwa ce. Ya kama cinyar ragona ta ƙafa ya ɗaga ta sama.

"Wannan wace cuta take magani?"

Shef Tankari, Allah ya jiƙansa, ya share murya ya ce, "Ranka shi daɗe, makulli ga Gado yake."

Na ga kaina a kan jaki ina komawa Gesheme, Dije na biye da tukwane a ka. Ban yi fushi ba a lokacin, tsoro bai bar wuri ba, amma daga baya na yi.

Sai Kawu ya matso, ya leƙa firigo, ya buga sanda a ƙasa.

"Madalla da ɗiyan Arewa! Ashe kun ji labarin babban baƙo, kunka yi tanadi! Ranka shi daɗe, mu nan haka muke. Ba a tarbar mutum irinka da ruwa tsura."

Shef ya cafe zancen tun bai faɗi ƙasa ba. "Haka ne, ranka shi daɗe, naka ne duka!"

Sufeto ya cire tabarau ya goge, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya gane sarai, har gefen bakinsa na motsi.

"To, tunda nawa ne, a dafa. Duka. Firigo kuma sai na ci abinci zan duba shi."

Kawu ya ce ai babban baƙo ba ya ci shi kaɗai, abin kunya ne ga gari. Ya fita da sandarsa gida-gida. Kafin azahar, duk baƙin da muke ɓoye wa abinci sun hallara ƙarƙashin itacen bedin da ke biro: na Shef daga Matankari, na direba, na akawu, har da wasu da ba na kowa ba. Matanmu suka dafa. Ina kallo Shef na kallon kwalbar man shanunsa ana juye ta a tukunya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne. Cinyar da na yi niyyar ta kai ni ƙarshen wata, ƙashi kawai na samu, shi ma Kawu ya karɓa ya tsotse ɓargon.

Da la'asar sufeto ya buɗe firigo, ya duba sanyi, ya duba magani, ya ce komai daidai. Da zai shiga mota ya ja ni gefe ya ce gidansa ma a Doso ba masaka tsinke saboda baƙi, amma in ya sake ganin ko da albasa a ciki, in fara neman jaki. Ba a daɗe ba takardar tabbatar da ni ta iso.

A hanyar gida Kawu ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ka zaci ban sani ba? Kullum kana shigowa karnukan unguwa na bin aljihunka. Da ka hwaɗa mini ana matsi, ai ina da rumbu cike."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, da wane baki?"

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Kayan aiki na aiki ne, kar ka bari shugaba ya sa hannunka a abin da zai iya janye nasa. Sannan mutanenmu sun fi mu ganewa, mu 'yan biro. Mun gwammace mu yi kasada da aikinmu da mu buɗe baki mu ce wa ɗan'uwa hannu ya yi gajere.

Kawu kuwa ya cika alkawari. Ya aika Gesheme, sai ga jakuna biyu ɗauke da dammunan gero. Dije ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Mutum biyun da suka koro jakunan, su ma 'yan'uwa ne, sai da ruwan shuka ya sauka suka tafi.